Yadda Gizo Ya Sa wa Maganar Kakanni Ƙofa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wani daji can bayan dazuzzuka akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, irin kogon da giwa kan shiga ta juya ba ta goga jiki ba. A cikinsa dabbobi ke ajiye maganar magabatansu. Al'adar dajin ita ce, duk wanda ya tsara wani abu, ko tatsuniya ko waƙar daka ko haɗin magani ko lissafin taurarin shuka, ya rubuta shi a ganyen giginya, to abin nasa ne, bayansa kuma na magadansa, ba mai kwafa sai da yardarsu. In ya mutu aka yi damina 70, sai a ɗauki ganyen ana guɗa a kai shi kogon kuka. Daga ranar ya fita daga gado, ya zama na kowa. Mu ma 'yan Adam haka muka yanka: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba littafi shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.

Baba Kunkuru ke tsaron kogon, Sarki Zaki yana ba shi dawa dami uku kowace kaka. Ba ya karɓar ko wuri daga mai shiga. Sai dai akwai nisa. Zomo ma sai ya kwana biyu a hanya, Hawainiya kuwa in ta tashi da rani sai bazara take isowa. Ga kuma gara. Kunkuru na kakkaɓe ta ta gabas tana ɓullowa ta yamma, ga tsufa ya kama shi.

Wata shekara aka yi fari. Gidan Gizo aka kwana uku ba a ɗora tukunya ba, Ƙoƙi ta ishe shi da mita, sai ya fice ya bar mata gidan. Yana hutawa a gindin kuka sai ga Hawainiya ta iso a galabaice. Ta gaida Kunkuru, ta shiga ta karanta ganye ɗaya tak, ta yi godiya, ta juya.

Gizo ya ce, "Ke kuwa duk wannan tafiya don ganye guda?"

Ta ce, "To da wata hanya ce?"

Gizo bai tanka ba. Ya dai ƙura wa bakin kogon ido har magariba, sannan ya koma gida ya ce wa Ƙoƙi ta wanke tukunya.

Kashegari ya yi sammako ya faɗi gaban Zaki. "Yanka ya daɗe, Sayki mai duniya," in ji shi da tsamin bakin nan nasa, wanda zan riƙa miƙe muku shi don kada mu kwana a nan. Ya ce gara na gab da cinye gadon kakanni, talakawa kuma suna shan wuya a hanya. In an yarje masa, zai ɗauki tururuwa aiki su riƙa fito da ganyen ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya saƙa kowace kalma a jikin zare, ya ja zaren har ƙofar kowane gida. Mai son jin magana sai ya taɓa zare kawai, ta zo masa yana kwance a ɗakinsa. Abin da yake roƙo kaɗan ne: rumbun Sarki ya ɗauki rabin abincin tururuwa, shi ya ranto rabi wurin Kada, sannan a bar shi ya riƙa karɓar wuri ɗaya daga duk mai taɓa zare, har damina 10, don ya fanshe wahalarsa.

Fada ta ɗauka da "Madalla." Kunkuru kaɗai ya miƙo wuya ya ce, "Bayan goman fa?"

Gizo ya ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Aka yi dariya. Malam Dila ya rubuta yarjejeniya, Zaki ya dangwala dagi.

Kada a ci haƙƙin Gizo, ya yi aiki. Damina uku yana saƙa dare da rana har ƙafafunsa suka yi kanta. Inda gara ta ci rabin kalma sai ya je ya tambayi Kunkuru a cike. In iska ta tsinka zare, kafin gari ya waye ya ɗaura. Ranar da aka buɗe, Hawainiya ta taɓa zare daga kan reshenta ta ji maganar da take yi wa tafiyar wata uku, sai ta fashe da kuka. 'Ya'yan Kurege da ba su taɓa ganin kukar ba suka haddace tatsuniya arba'in a damina guda. Ba wanda ya ga laifin wuri ɗaya, ni ma da ina dajin da na biya.

Abin ya fara lalacewa ne ranar da Gizo ya bi ta bakin rafi ya ji Agwagwa tana karanta wa 'ya'yanta goma sha biyu waƙar da ta saya da wuri guda. Ya tsaya ya ƙirga su sau biyu. Da ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "An yi mini satay wuyi goma sha biyu."

Ta ce, "A ina ka ajiye su?"

Ya ce ba ta san kasuwanci ba.

Daga nan ya ƙulla wani ɗan ƙulli a wutsiyar kowane zare, ta yadda in magana ta ƙare sai a ji murya ta ce, "Wannan mallakar Gizo ce, ba a maimaitawa." Ya ɗauki Hankaka aikin bi gida gida yana kasa kunne, ya ɗauki Kura ya zaunar da ita a mahaɗar zarurruka tana karɓar kuɗi. Bayan damina guda kuma ya soke sayar da magana ɗai-ɗai. Sai dai kuɗin shekara, wuri 200, ka ji duka ko ka rasa duka. Giwa ta biya ba ta ko duba jakarta ba. Ɓauna ya biya. Makarantar Malam Dila ta tattara kuɗin Laraba ta biya da ƙyar. Ƙananan dabbobi kuwa, zaren na nan rataye a ƙofarsu, in sun taɓa ba ya magana.

Mai sauraro zai ce, to su koma kuka mana, ai Kunkuru ba ya karɓar kome. A nan ne abin ya fi ciwo, kuma wannan ba Gizo kaɗai ya aikata ba. Da Ma'aji Gwanki ya ga manya sun daina zuwa kuka, sai ya shawarci Sarki cewa dami ukun Kunkuru asara ce, tunda ga zare. Aka mai da shi dami ɗaya, aka zo aka manta da ɗayan ma. Masu share hanya suka watse, sarƙaƙiya ta rufe ta. Gizo kuma ya kawo shawarar cewa ganyen sun tsufa, yawan taɓawa na karya su, gara a toshe bakin kogon da laka don a adana su. Aka toshe. Gara dai ba ta ƙofa take shiga ba.

Ana nan sai ɗan Bushiya ya kamu da tari mai sarƙewa. Bushiya ta san kakar kakarta ce ta haɗa maganin wannan tari, an ma kai ganyenta kuka tun ita tana yarinya, har ta bi masu guɗa. Ta tuna akwai saiwa uku a ciki, amma biyu kawai ta riƙe. Ta ɗaure wuri bakwai a bakin zane ta tafi wurin Kura.

"Ranki ya daɗe, maganin tari kaɗai nake so, na gidanmu."

Kura ta ce, "Ɗari biyu."

"Ai kakar kakata ce ta faɗe shi."

"Kakarki ta faɗa, Gizo ya saƙa. Matsa, akwai layi."

Babu ko layi. Bushiya ta koma gefe ta dunƙule tana kuka. Ɗan Kusu, almajirin Malam Dila, ya ga abin da ya faru. Da dare ya taɓa zaren makarantarsu, ya ji maganin, ya rubuta a ganye ya kai mata. Yaro ya warke. Labari kuwa ya bazu. Gobe Kurciya na son lissafin shuka, jibi Kwaɗo na son waƙar kakansa. Kusu bai iya cewa a'a ba, bai kuma karɓi ko ƙwayar gero ba. Ranar da Hankaka ya kai rahoto, Kura ta same shi da ganye arba'in a ƙarƙashin buzu, ta ɗauko shi ta wutsiya har fada.

Zaki ya ce Dila ya yi shari'a. Dila ya ce yaron almajirinsa ne. Zaki ya ce duk dajin ba wani mai karatun, ya yi kawai.

Gizo ya fara, kuma wallahi ya iya magana. "Allah ya gafarta Malam, wa ya tuna da kuka kafin ni? Damina nawa kuna kallon gara na cin ta, wa ya ɗaga ƙafa? Ni na ci bashi, ni na yi kanta, ni ke tashi tsakar dare in ɗaura zare. In kowa zai kwafa ya raba, wa zai biya? In ba a biya ba, wa zai gyara? Ran da zaren nan ya ruɓe, wannan ɓeran ne zai saƙa muku wani?"

Fada ta yi tsit, don tambayar tana da nauyi. Dila ya ce a kira Kada. Kada ya ce bashinsa an biya shi tun damina ta huɗu, har da riba. Aka kira Sarkin Tururuwa, ya ce su tsaba aka ba su sau ɗaya, rabinta ma daga rumbun Sarki, wato daga gumin waɗannan da ake kora a ƙofa. Aka tambayi Gizo ko ya ƙara kalma ɗaya tasa a cikin maganar kakanni. Ya dafa ƙirji ya ce Allah ya kiyaye, yadda ya samu haka ya saƙa, ko ɗigo bai canza ba. Dila ya ce a rubuta wannan.

Lokacin kaka ne, Tsattsewa ta dawo daga Turai, inda takan yi sheƙa a ƙarƙashin rufin manyan ɗakunan karatu, kunnenta kuma ba ya barci. Ta nemi izini ta ce 'yan Adam ma suna wannan rigima.

Ta ce, "A Faransa, a shekarar 2013, babban ɗakin karatu na ƙasa ya ƙulla da wani kamfani mai suna ProQuest, ya ɗauki hoton littattafai 70,000 waɗanda aka buga tsakanin 1470 da 1700. Marubutansu sun zama ƙasa tun tuni. Aka ba kamfanin shekara 10 shi kaɗai ke sayar da shiga, littafi 3,500 kawai aka saki kyauta a intanet tun farko. Ƙungiyoyin ma'aikatan ɗakunan karatu suka yi ca."

Gizo ya yi tsalle. "Goma! Kun ji ko? Hay Tuyawa!"

"Ban gama ba," in ji Tsattsewa. "A Landan, a 2009, gidan ajiye zanen fuskokin manya, National Portrait Gallery, ya sa lauyoyi su yi wa wani ɗalibi barazana, don ya kwashe hotunan tsofaffin zane fiye da 3,000 daga shafinsu ya zuba a rumbun Wikipedia. Suka ce zanen na kowa ne, amma hoton zanen nasu ne. Sai dai tun 1999 wata kotu a New York, a shari'ar Bridgeman da Corel, ta ce wanda ya ɗauki hoton tsohon zane daidai yadda yake bai ƙirƙiri kome ba, kome wahalar da ya sha, don haka ba shi da haƙƙin mallaka. Tarayyar Turai ma ta sa irin wannan a dokarta ta 2019."

Dila ya gyara zama, ya duba abin da aka rubuta ɗazu.

Tsattsewa ta juya wajen Bushiya. "Ke kuma, Inna, kina da 'yar'uwa a Amurka, sunanta Carol Highsmith. Ta ɗauki dubban hotunan ƙasarta ta ba ɗakin karatun majalisa, ta ce kowa ya yi amfani da su. Sai ga takarda an aiko mata, wai ta biya dala 120 don ta sa ɗaya daga cikin hotunanta a shafinta. Ta kai Getty Images da Alamy ƙara a 2016. Kotu ta kori mafi yawan ƙarar, sauran suka sasanta a waje."

Bushiya ta ce, "Ashe ba mu kaɗai ba ne."

Zaki ya yi hamma ya ce, to duk haka suke, ba mai yi don Allah? Tsattsewa ta ce akwai. Wani Michael Hart ya fara zuba tsofaffin littattafai a kwamfuta tun 1971, ya kira aikin Project Gutenberg, 'yan sa kai ke kwafa suna gyara, yau sun haura 70,000, ba a biyan ko sisi. Gidan tarihi na Met da ke New York ya saki hotuna 375,000 a 2017, ya ce kowa ya ɗiba. Sannan ta sassauta murya ta roƙi a yi wa Kusu a hankali. Ta ce a 2011 an kama wani matashi, Aaron Swartz, don ya sauke miliyoyin maƙalu daga rumbun JSTOR. Gaskiya ba dukansu ne suka zama na kowa ba. Aka jibga masa tuhuma, yana jiran shari'a ya kashe kansa a 2013, yana da shekara 26. A shekarar da aka kama shi ɗin, JSTOR ta buɗe tsofaffin maƙalu kusan 500,000 kyauta.

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Kura ta saki wutsiyar Kusu ba tare da an ce mata ba.

Tsattsewa ta ce, "Saura ɗaya, kuma naka ne, Gizo. Wani malami a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, Malam Shaihu, ya rubuta tatsuniyoyin Hausa da ajami, wani Bature mai suna Rattray ya juya su, aka buga a Oxford a 1913. Kana ciki, kai da Ƙoƙi. Rattray ya mutu a 1938. Yau wasu sun sa littafin kyauta a intanet, wasu kuma suna sake bugawa suna sayarwa."

Gizo ya miƙe a kan ƙafa takwas. "Suna sayaywa? Yabayina? Ɓayayi! Wa ya ba su? Don sun ga ba ni nan shi ne za su zauna a kan abin da ba su suka yi ba su yiƙa kayɓay kuɗi?"

Kwaɗo ne ya fara dariya, sannan fada duka ta ɗauka, har Ƙoƙi ta rufe fuska da gyale. Gizo ya waiga hagu ya waiga dama, ya koma ya zauna a hankali.

Dila ya ce, "Guga na Gizo ne, igiya tasa ce, mai so ya ja masa ruwa ya biya shi ladan ja. Rijiya kuwa kakanni suka haƙa. Wanda ya sayi tulu guda, in ya ga dama ya shayar da unguwa." Ya ce a kwance ƙullin nan na wutsiyar zare yau yau, domin da bakinsa Gizo ya shaida bai ƙara ko ɗigo ba. Kusu ba ɓarawo ba ne, a sallame shi da ganyensa. Kuɗin zare Gizo ya ci gaba da karɓa har goman ta cika, tunda Sarki ya dangwala dagi. Daga ƙarshe ya rusuna ya roƙi Sarki a mayar wa Kunkuru da dawarsa, a fasa lakar bakin kogo. Zaki ya ce za a duba.

Aka watse ana murna, aka ɗauki Kusu a kafaɗa. Murnar ta kwana bakwai.

Ran na takwas Gizo ya kwance ƙulli kamar yadda aka ce. Amma duk wanda ya zo biyan kuɗin shekara, sai Kura ta karanto masa wata doguwar magana da sauri, wadda ba mai gane kanta, a ƙarshe ta ce, "Ka yarda?" In ya ce ya yarda, ashe ya rantse ke nan ba zai maimaita wa kowa abin da ya ji ba, in ya saɓa a tsinke zaren gidansa. Wanda ya taɓa danna "na amince" a waya bai karanta ba ya san irin wannan rantsuwa. Aka koma wurin Dila. Ya karanta ya sake karantawa, ya ce, "Na hana shi mallakar magana. Ban da ikon hana ku rantsuwa."

Da damina ta goma ta cika, Gizo ya je fada da goron sallah. Ya ce tsohon zaren duk ya ruɓe, ya sake saƙa shi da sabon siliki mai saurin kai magana, kuma sabuwar saƙa ai sabuwar yarjejeniya take so. Zaki, wanda tun ranar farko aka ja masa zare kyauta har gadonsa, bai taɓa sanin ana biyan wuri 200 da zafi ba. Ya ce Gizo ya kyauta, ya ƙara masa goma. Maganar dawar Kunkuru har yanzu ana dubawa.

Bushiya ce ta ce ita ta gaji da zuwa fada. Ta bi gida gida aka yi karo-karo, mai gero ya ba da gero, mai ƙarfi ya ɗauki adda. Kurege da Zomo suka sare sarƙaƙiya, Gafiya ta fasa lakar, aka kai wa Baba Kunkuru dami guda, wanda suka tarar ya rame har ƙoƙon bayansa na kwaɗ-kwaɗ. Tururuwa suka ce a wannan karon ba sai an biya su ba, a dai ba su abin kai wa baki. Kusu da almajirai suka zauna kwafa, Tautau ya yarda ya ja musu zare nasu, siriri ne, yana yawan tsinkewa, amma ba Kura a bakinsa. Suna yin ganye biyar a yini, wani yinin uku.

Da suka ƙirga abin da ke kogon, sai suka ga kashi ɗaya cikin uku gara ta gama da shi a shekarun da aka toshe ƙofa. Wannan kashin a wurin Gizo kaɗai ake samunsa yanzu, kuma bana kuɗin shekara wuri 300 ne.

Ƙurunƙus.